Filin 'Yan Mata: Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba

  

Mu marubuta littattafan soyayya babu abin da muke ba wahala kamar ido. Duk littafin da kika buɗe, tauraruwar cikinsa idanunta dara-dara ne farare tas kamar madara, da zarar kuwa Alhaji ya ce ya ba da ita ga ɗan amininsa, kafin shafin ya ƙare idanun nan sun kaɗa sun yi jajir kamar garwashi. Ana sasantawa kuma shi ke nan sun koma farare, ba likita ba magani. To a takarda ne ake haka. A zahiri akwai jan idon da ba kuka ne ya kawo shi ba, kuma lallashin masoyi ba ya warkar da shi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen ido a wannan fitowa, wasiƙa ce na samu daga wata ƙanwarmu 'yar aji biyar a sakandare, mutuniyar garin Kanya. Ba Kanya Babba ta Jigawa ba, Kanya ta ƙasar Zuru, cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu a Jihar Kebbi. Ta roƙe ni in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Ta ce idonta na dama ne ya yi ja, shi kaɗai, yana yi mata zugi har cikin goshi, ko hasken fitila ba ta iya kallo balle rana, kuma rubutun allo ya zama dishi-dishi. Ƙawayenta suka dare suka bar mata benci wai Afolo gare ta. Aka sayo mata maganin ɗigawa a kemis, kwana uku ta ji sauƙi ta ajiye, bayan mako guda ciwon ya dawo fiye da na da. Kakarta ta ce a nemo mai jego ta tatsa mata nono a ciki. Tambayarta ita ce, Anti, wane irin Afolo ne wannan da ba ya kama kowa sai ni, kuma ba ya tafiya?

Ƙanwata, ba a gane ciwo ta wasiƙa, sai an duba. Amma alamun da kika lissafa ba na Afolo ba ne, kuma ina son ke da duk mai karanta wannan shafi ku tsaya ku ji bambancin, domin wallahi a nan ne mutane da yawa suke asarar ganinsu.

Shi Afolo ciwon fatar saman ido ne. A ƙasar Gana aka fara ganin annobarsa a 1969, daidai lokacin da Amurkawa suka sauka a duniyar wata da kumbon Afolo 11, shi ne mutane suka laƙaba masa sunan, wai daga can aka kwaso shi. Yakan fara da ido ɗaya, kwana ɗaya ko biyu ya tsallaka ɗayan. Za ki ji kamar an watsa miki yashi, fatar ido ta kumbura, ki wayi gari da kwantsa. Yana yaɗuwa kamar wutar daji, in ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai sai ya zagaye kowa. Amma in kin goge hawayen kina gani sarai, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu ya wuce da kansa.

Wanda nake son mu yi magana a kai yau shi a cikin ido yake. Ɗauko madubi ki matsa kusa da taga. Kin ga zoben nan mai ruwan ƙasa da muke kira baƙin ido? A tsakiyarsa akwai 'yar ƙofa baƙa wuluk, ta nan haske yake shiga. Zoben nan nama ne mai motsi, in rana ta yi yawa sai ya tsuke ƙofar, in duhu ya yi ya buɗe ta. Shi da wani nama da ke bayansa, da wata shimfiɗa mai jijiyoyin jini da ta zagaye cikin ido, likitoci suna haɗa su su kira su yubiya, daga kalmar Latin mai nufin inabi, saboda wai masu fiɗa na da sun ga ta yi kama da ɓawon baƙin inabi. In wannan wuri ya kumbura sai su ce yubiyaitis. Na gaban ido, wato na zoben da kike gani a madubi, shi ya fi yawa, kuma shi ne zancenmu. Mu kira shi kumburin baƙin ido.

Yawanci ido ɗaya yake kamawa. Jan ya fi taruwa a gefen baƙin idon kamar an zana masa zobe. Akwai hawaye amma babu kwantsa mai danƙo, babu ƙaiƙayi, sai zugi mai nauyi daga ciki. Babbar alamarsa kuwa ita ce ƙin haske. Dalili shi ne duk sanda haske ya bugi ido dole zoben nan ya motsa, shi kuwa a kumbure yake, kamar a ce mai targaɗe ta tashi ta yi rawa. Har ma akwai wani abin mamaki: in kika rufe idon mai ciwo da tafin hannu aka haska miki tocila a lafiyayyen, sai ki ji zafin a wanda yake rufe, domin ƙofofin biyu tare suke tsukewa. In kin lura kuma za ki ga ƙofar idon mai ciwon ta fi ta ɗayan ƙanƙanta. Sannan ba a ɗaukarsa. Ƙawayen da suka bar miki benci su dawo abinsu.

Me zai faru in an bar shi? Nan ne abin tsoron. Bayan 'yar ƙofar nan akwai wani abu garai-garai kamar ƙwayar gilashi, shi ke daidaita gani. Zoben da ya kumbura yana yin danƙo, sai ya manne da gilashin nan kamar yadda tuwo ke kama gindin tukunya. In ya manne gefe ɗaya ƙofar ta karkace, ta daina zama da'ira. In ya manne duka, ruwan da ke zagayawa cikin ido ya rasa hanyar wucewa, ido ya ɗauki nauyi, a samu abin da ake kira hawan jinin ido (ko da yake ba jini ba ne, ruwa ne), shi kuwa jijiyar gani yake kashewa, abin da ya kashe kuma ba ya dawowa. Ban da wannan, kumburin da ya daɗe yana kawo yanar ido, wadda muka saba gani ga tsofaffi, sai ga ta a idon yarinya 'yar shekara 17. Allah Ya kiyaye.

Za ki ce to me ke kawo shi? Sau da yawa likita zai yi duk binciken da zai yi bai ga dalili ba, sojojin jiki ne kawai da aka halitta don yaƙar cuta suka juyo kan mai gidansu. Amma akwai sanannun dalilai, wasu ma a ƙofar gidanmu suke.

Na farko bugu. Ƙasar Zuru ƙasar noma ce, ko saurayi ma a al'adar Dakarkari sai ya yi shekaru yana golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata (samarin Kano da ke kukan kayan lefe, ku ji fa). Lokacin girbi karan dawa ya tsokane ido, ko icen girki ya fallatsa, ko bulala ta kauce a makaranta, ko kuma marin da wasu mazan suke ganin ba komai ba ne. Ba sai ido ya fashe ba, jijjigar kaɗai ta isa ta tayar da kumburin bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Na biyu cututtukan da ke zaune a jiki. Tarin fuka yana iya bayyana a ido ko da mutum ba ya tari. Haka tunjere, haka kuturta, haka ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke feso wa mutum a rabin goshi su tsaya cak a tsakiyar fuska, musamman in sun sauko kan hanci. Shi ya sa in likitan ido ya ce a je a ɗebi jini ko a ɗauki hoton ƙirji, kada ki ce ni da na zo da ido me ya haɗa ni da ƙirji. Kada kuma kunya ta sa ki ɓoye masa amsar abin da ya tambaye ki. A ƙasashenmu irin waɗannan cututtuka suna da hannu a ciwon fiye da yadda suke da shi a Turai, kuma in ba a kashe uwar cutar ba, ɗigon ido kaɗai aikin banza ne.

Akwai kuma wadda kakanninmu na bakin rafi suka sha fama da ita, wato makantar rafi. Wani ɗan baƙin ƙuda ne da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, in ya ciji mutum sai ya bar masa tsutsa, ita kuma ta haifi dubban 'ya'ya ƙanana da ido ba ya gani, su bi fata suna sa ƙaiƙayi, su shiga har cikin ido. In suka mutu a can sai ido ya kumbura, shekara da shekaru, har gani ya tafi. A 1987 kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawarin ba da ƙwayar Mectizan kyauta, ita ce wadda ake zuwa gida-gida a auna tsawon mutum da sanda kafin a ba shi, kuma ƙasar Zuru tana cikin wuraren da aka yi shekaru ana rabon ta. Abin alfahari, mace ce 'yar ƙasar nan, Farfesa Adenike Abiose, ta jagoranci binciken da aka yi a ƙauyukan Jihar Kaduna, wanda aka buga a 1993, ya nuna shan ƙwayar nan sau ɗaya a shekara yana rage lalacewar jijiyar gani. Waɗanda suka gano maganin, William Campbell da Satoshi Omura, sun sami kyautar Nobel a 2015. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa maƙwabciyarmu Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka. Masu cewa karatun 'ya mace a kicin yake ƙarewa, ga amsarku.

Na uku shi ne na gado da na gaɓoɓi. A 1973 masana a Landan suka gano wata alama a jinin wasu mutane, ana ce mata HLA-B27, mai tafiya tare da ciwon da ke sandarar da ƙashin baya da kuma wannan kumburin ido. A cikin Turawa kusan rabin masu ciwon suna ɗauke da ita. Mu a Afirka ta Yamma ba ta da yawa. Duk da haka in kina da ciwon ƙugu da ya fi tsanani da asuba, sai kin motsa jiki yake saki, ki gaya wa likita.

Iyaye mata da yayye, ga wani da nake so ku riƙe. Akwai ƙananan yara, galibi mata 'yan ƙasa da shekara 7, da gwiwa ko idon sawu ke kumbura musu makonni ba tare da sun faɗi ba. Irin waɗannan yara kumburin ido yana shigarsu a ɓoye, ido fari tas, ba ja ba zafi, sai an farga yana ta rufe shi. Duk yarinyar da aka ce tana da ciwon gaɓoɓi irin wannan, a riƙa kai ta duban ido ko ba ta yi ƙorafi ba.

To yanzu magani. In kin je wurin likitan ido zai zaunar da ke gaban wata na'ura, ki ɗora haɓa, ya haska miki siririn haske kamar tsinke. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Allvar Gullstrand, ya ƙirƙiro ta a 1911. Da ita ake ganin ƙwayoyin kumburin suna yawo cikin ruwan ido, kamar ƙurar da kike gani in rana ta ratso ta hudar taga kina shara. Babu mai kemis ɗin da zai ga wannan da tocila, komai daɗewarsa a sana'a.

In ya tabbatar, yawanci kwalba biyu zai rubuta. Ta farko sitiroyid ce, irin su firedinisolon ko dekzametason, ita ke kashe wutar kumburin. Da farko ana iya cewa ki ɗiga duk bayan awa ɗaya ko biyu, sannan a riƙa ragewa sannu a hankali har tsawon makonni, wajen shida ko fiye. In ruwan kwalbar fari ne kamar madara, sai kin girgiza kafin ki ɗiga. Nan ne ƙanwarmu ta Kanya da dubban irinta suke faɗawa rami: kwana uku ido ya washe, sai a jefa kwalba ƙasan akwati. Wutar ba ta mutu ba, toka ce ta rufe ta. Likitan da ya ce ki fara, shi zai ce ki daina.

Kwalba ta biyu mai buɗe ƙofar ido ce, irin su atirofin. Tana kwantar da zoben ya daina motsi, zugin ya lafa, kuma ta janye shi daga gilashin don kada su manne. Tana da tarihi mai daɗi. Daga wani tsiro ake samunta da Italiyawa ke kira beladona, wato kyakkyawar mace, domin an ce matansu na da suna ɗiga ruwansa don idonsu ya yi dara-dara su burge samari. Kin ga ashe ba mu muka fara ba. Sai dai ki sani, muddin kina sa ta ba za ki iya karanta ƙananan rubutu da wannan idon ba, rana kuma za ta dame ki, kuma bayan kin daina atirofin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya sake ki. Ba makancewa kike yi ba, aikin maganin ne. Ki sa baƙin tabarau, in jarrabawa ta matso ki gaya wa likita da malaminku tun da wuri. Ki kuma ɓoye kwalbar daga yara, guba ce in an sha. Zaƙami da muke da shi a bayan gari ɗan uwan wannan tsiron ne, kada wata ta ji haka ta ce za ta gwada, ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba.

Wata za ta ce, to Anti tunda kin faɗi sunan maganin ai sai in aika kemis, me zai kai ni bin layin asibiti? Ke dai tsaya. Ja da zugi da ƙin haske ba wannan ciwo kaɗai ke kawo su ba. Gyambo a kan gilashin gaban ido ma haka yake farawa, in kuwa gyambo ne kika ɗiga masa sitiroyid, kin ba ƙwayar cutar taki, ido na iya hujewa cikin kwanaki, in an tsira a tsira da hakiya. Kuma ko a inda maganin ya dace, akwai mutanen da yake tayar wa hawan jinin ido ba tare da sun ji komai ba, shi ya sa ake auna nauyin idon duk zuwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne 'yan matan da suka mayar da irin wannan ɗigo kayan kwalliya, wai don ido ya yi fari ranar biki ko in saurayi zai zo zance. Wata da watanni ana ɗigawa. Haba 'yan uwa! Farin idon da za a biya da gani, ina amfaninsa?

Su kuma nonon mai jego, ruwan sukari, ruwan albasa, fitsarin saniya, har da ruwan batir da na ji wasu na sawa, don Allah a bari. Kaka ba mugunta take nufi ba, abin da ta tarar ke nan, ki lallaba ta da ladabi. Ciwon yana can ciki inda nono ba ya kaiwa, abin da zai ƙara miki kawai ƙwayoyin cuta ne. Kwalli ma a ajiye tandu sai an warke.

Masu bincike kuma ba su zauna ba. Kafin wajen 1950 da aka fara sa kotison a ido, likita ba shi da abin kashe kumburin nan kai tsaye, mutane da yawa haka suka makance. A 2014 wani likita Ba'amurke, Ian Crozier, ya kamu da Ebola yana aikin ceto a Kenema ta Saliyo. Aka kai shi Atlanta ya warke, jininsa ya fita tas. Bayan kamar wata biyu sai idonsa na hagu ya kama zugi, har launinsa ya juye daga shuɗi zuwa kore. Da aka zuƙo ruwan cikin idon sai ga ƙwayar Ebola da ranta, ko da yake babu ita a hawayensa. Wani babban bincike da aka yi a Laberiya, aka buga a 2019, ya sami alamun kumburin nan a wajen mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka tsira daga cutar. Daga nan aka ƙara gane cewa ido wani ɗaki ne mai sirri da cuta kan ɓuya a ciki.

Yaran nan masu ciwon gaɓoɓi ma an samo musu hanya. A Birtaniya an gwada wata allura mai suna adalimumab a kan yara 90 waɗanda maganin da aka saba ba su bai wadatar ba, aka buga sakamakon a 2017. Cikin waɗanda aka yi wa allurar, kashi 27 cikin 100 ne ciwon ya ci gaba da damu, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 60. Allura ce ta duk mako biyu, tana da tsada ƙwarai, kuma sai an tabbatar mutum ba shi da tarin fuka kafin a fara, domin tana kwantar da sojojin jiki. Alhamdu lillahi, yawancin masu wannan ciwo ba sa kaiwa nan, kwalabe biyun can sun ishe su in an zo da wuri.

Na san mai zaune a Kano ko Kaduna faɗar je ki asibiti ba ta yi mata wuya. Mutumin Kanya kuwa sai ya lissafa kuɗin mota, ya lissafa hanya, domin yankin ya ga tashin hankali, har a watan Maris na 2022 'yan bindiga suka kai hari garin aka rasa jami'an tsaro da dama. Amma wannan tafiya ce ta kwana ɗaya ko biyu da fara ciwo, ba ta sai an sayar da amfanin gona ba. A fara da Babban Asibitin Zuru, a nemi ɓangaren ido. In suka ga abin ya fi ƙarfinsu za su tura Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, a Kano kuma ga asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943, ga na Makka. In za ki tafi, ki tafi da duk kwalbar da kika taɓa ɗigawa ko da ta ƙare, ki faɗi ranar da ciwon ya fara, da ko an taɓa bugun idon. Ki je da ɗan rakiya, don in an buɗe ƙofar idon hanya za ta yi miki hazo. Katin asibitin kuma ki adana shi cikin akwati, saboda ciwon yakan dawo bayan watanni ko shekaru, wani lokaci a ɗaya idon, ranar kuwa katin nan zai rage miki dogon bayani.

Masu aiko da wasiƙu a kan maganar lefe da ta ƙawayen amarya, na gani, ku ƙara haƙuri, a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu shiga ciki. Ku huta lafiya.